Garkuwar da Abarci Ya Bi Har Bayan Korahane

Ƙanena Abarci maƙerin fari ne a kasuwar Dakoro, mai yanka gwangwani ya mai da shi mazurari ko murfin tukunya. Tun yana yaro ba ya iya zama wuri ɗaya. A tsaye yake cin tuwo, kuma in ya yi maka sallama, kafin ka gama amsawa ya kai bakin ƙofa. Shekara arba'in da biyar, 'ya'ya shida, har yau kamar an zuba masa ƙaiƙayi a riga. Ni na goya shi, saboda haka ina da bakin faɗa.

Da ƙananan tukwanen gaz da muke kira butel suka cika gari, irin waɗanda ake ɗaura wa risho a ka, sai ya sami sabon abin hana kansa sukuni. Iskarmu ba ta barin wutar gaz ta zauna. Ka ɗora shayi, ka juya, ta mutu. Abarci ya fara lanƙwasa langa-langa yana kare kan rishon kaɗai, gefe guda a buɗe, butel ɗin kuma yana ƙasa a sarari yana shan iska. Ya sa wa abin suna garkuwa. Masu shayi da direbobi suka yi ta saye.

Wata ranar kasuwa a farkon damina, wani makiyayi mai suna Hama ya sayar da rago ya sayi butel, ya zo rumfar Abarci. Ya jujjuya garkuwar ya ajiye.

"Wagga ta yi ƙanƙanta, Maƙeri. Iskar daji ba ta gari ba ce. Yi min wadda za ta ruhe shi duka har ƙasa, kamar yadda ake ma garwashi."

Dukanmu da itace da gawayi muka tashi, inda in ka ƙara rufe wuta sai ta ƙara kyau. Abarci, da mutum huɗu tsaye a kansa, bai tsaya tunani ba. Ya yanka babban gwangwanin mai ya yi guda biyu, kowace da 'yar kafar sa hannu. Hama ya ɗauki ɗaya ya tafi, ɗayar kuma ya kawo mini kyauta, yana ta washe baki.

Washegari na ɗora wake. Ya tafasa nan da nan, har ina sa masa albarka. Sai na ji warin roba na ƙonewa, da wata 'yar ƙara siririya. Na naɗe hannu da tsumma na kashe, na ɗaga garkuwar, na taɓa butel ɗin, ya ƙona mini yatsa. Zafin da ya kamata ya fita duk ya koma kansa. Na aika aka kira Abarci, na wanke shi tas. Bai ko ji ni ba. Ya taɓa ƙarfen, ya janye hannu.

"Yaya, da kin ƙara jimawa da ya hwashe," in ji shi. Sai kuma ya ce, "Hama."

Ba shi da lambarsa, bai san rugarsa ba. Ya ruga kara wurin dillalan dabbobi, suka ce sun ji mutanensa sun yi bayan garin Korahane neman ciyawa. Ya ari moto, wato babur, ya jefa almakashinsa a aljihu, ko ruwa bai ɗauka ba. Da la'asar hadari ya taso, aka yi ruwa mai iska, dole ya kwana a wani ƙauye a hanya. Ni kuwa ina gida ina kai da kawo. Haushinsa nake ji, tsoro kuma ya fi haushin yawa, waken ma ban ci ba.

Sauran labarin daga bakinsa na ji. Rijiya uku ya tambaya, aka nuna masa Hama biyu waɗanda ba su ba ne. Wajen azahar ya hango gwangwaninsa na ƙyalli a gaban wata bukka. Baraka, matar Hama, na sunkuye a kai da goyo a baya, tana juya tukunya.

Ya yar da moton, ko sallama babu, ya zura hannu ya kashe. Matar ta ja da baya. Hama ya taso da sanda, ransa a ɓace, don ba a faɗa wa matar mutum haka.

"Lahiya, Maƙeri?"

"Ka yi min gahwara. Laihina ne. Taɓa nan kawai."

Ya ɗage garkuwar. Hama ya kai tafin hannu jikin butel ɗin, ya fizge. Abarci ya durƙusa ya fara yanke gwangwanin, yana bayani da sauri: kan rishon kaɗai ake karewa, a bar gefe a buɗe, in butel ya fi ƙarfin hannu a kashe, kuma a waje ake girki da shi.

Hama ya ajiye sandar. Yana ta duban tafin hannunsa, sannan ya dubi bukkar.

"Jiya da anka yi ruwan nan," ya ce a hankali, "ciki ta kai shi ta yi tuwo. Mu bakwai muna zaune kewaye da shi."

Abarci ya ce mini a nan almakashin ya faɗi daga hannunsa, sai Hama ne ya ƙarasa yankan.