Gabun Inna Ya Ƙetare Teku

Daga Jega zuwa Aliero, har ka dangana da Maiyama, babu wanda bai san bakina ba. Ni ne na taɓa sayar wa manomin albasa albasa, ya tafi yana godiya. Saboda haka da aka zauna neman wanda zai je tsibirin Panya, can cikin teku gaba da Kalaba, ya taho da Yaya, wanda ya bar gida tun kafin a raba jiharmu da Sakkwato, ban bari an gama magana ba. Na ce ko kifi ne ya haɗiye shi, zan lallashi kifin.

Inna ta ci gaba da aikinta. Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Sai da na rataya jaka ta miƙo mini ƙullin gabu, busasshen lawashin albasa da ta daka da hannunta, ta ce, "Ka kai ma mutanen can. An ce ba su da shi."

Ana idar da sallar asuba muka bar tashar Jega a saman buhunan albasa. Yawuri, Kwantagora, ƙasa tana ƙara kore, tuwo yana ƙara tsada yana ƙanƙancewa. Kafin mu kai Kalaba ko ƙuda ya daina sauka a kaina don wari. Can muka shiga jirgin ruwa. Ni da nake cika bakin ƙetare gulbin garinmu da iyo, na amayar da duk abin da na taɓa ci, har naman sunana.

Malabo tana zaune a gindin wani dutse da bai cika fitar da kansa daga gajimare ba. Ruwan sama kuwa ba zuwa yake yi ba, can yake da gida. Rigar da na shanya ranar da na sauka, sai da na dawo Yawuri ta bushe. A unguwar Hausawa na iske Yaya gaban tukubar tsirensa, furfura ta gama da kansa. 'Ya'yansa mata biyu suka durƙusa suka gaishe ni da harshen da ban san gabansa ba. Uwarsu 'yar tsibirin ce, kuma can aka binne ta.

Kwana kaɗan na zo yi, sai ga ni na share watanni ina yi masa fifita, ina cin gwaza da ayaba da kifi, ina mafarkin fura. Ranar da ba aiki mukan fita yawo. Muka bi hanyar Luba ta cikin gonakin koko da daji ya fara cinyewa, muka sauka wata gaɓa mai yashi fari kamar garin shinkafa, ƙaguwa na ta gudu a kaikaice. Wata gaɓar kuma yashinta baƙi ƙirin. Ko'ina muka zauna nakan gyara murya in ɗauko maganar komawa, sai ya riga ni. Tsamiyar ƙofar gidanmu tana nan? Har yanzu motoci na cika garin ranar kasuwa? Wa ke noma fadamar Baba? Yana tambaya yana kallon ruwa, ni kuma in shiga ba da labari, in manta abin da ya kawo ni.

Bayan ɗakinsa akwai ɗan fangalin albasa, irin Aliero. Lawashi har gwiwa, amma da na tuge ɗaya, babu kai. Ya ce haka take yi masa kowace shekara, ruwa ya yi mata yawa, kuma bai fasa shukawa ba.

Gabun na ɓoye shi don ya zama makamina na ƙarshe. Ranar da babbar 'yar ta saka shi a miya, Yaya ya kai loma ɗaya ya tsaya.

"Inna ta ambace ni?"

Ƙarya ba ta taɓa yi mini wuya ba, amma ranar ta ƙi fitowa. Na ce, "Cewa ta yi in kai ma mutanen can."

Ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu. "To ai ta ambace ni ke nan."

Na ce ya tashi mu tafi. Ya dubi 'yan matan, ya dubi hanyar maƙabarta, ya ce sai an gama tsinkar koko. Maƙwabcinsa ya raɗa mini cewa amsar ke nan duk shekara. Ya raka ni bakin jirgi da buhun kwakwa, yana tsaye har ya zama ɗigo.

Abin da na koyo a tafiyar nan, mutum yana iya zama wuri biyu, kuma babu jirgin da ke ɗauko rabinsa.

Da na yi sallama a gida, Inna ba ni ta duba ba, ƙofar zaure ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sauke ido kan buhun, ta ce, "Duk bakin nan naka, kwakwa kaɗai kas samu ta biyo ka?"