Igiyar Hurmar Baba Eshkobil

Duk unguwarmu a Denau ba wanda ya taɓa ganin Baba Eshkobil riƙe da wuƙar fira. Direban bas ne har ya tsufa, shanya hurma kuwa, wani ɗan itace mai kama da babbar kanya, aikin matarsa ne, Inna Norbibi. Tata ce muke roƙa idan za mu yi baƙi, don idan ta bushe sai ta yi fari fat da zaƙinta, cikin kuma laushi kamar dabino.

Shekarar da idonta ya tafi, sai ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin yadda yake lallashinta ta ci ko gutsuren gurasa. Cewa take ita ta gama amfani. Kullum ƙara ramewa take, abin yana ci min rai.

Da kaka ta yi, hurmar gidan ta yi ja amma da sauran tauri da bauri, daidai lokacin shanya ke nan, sai ga tsoho a kan tsani. Ya tsinko kowace da guntun reshenta, ya fere, ya tsoma a tafasasshen ruwa, ya ɗaura a igiya. Har nan ba laifi. Wajen ratayewa ya yi aika-aika. Kowa a ƙarƙashin rufi yake ratayewa, can sama inda iska ke kaɗawa, a bar tazara. Shi kuwa a bakin ƙofar ɗakinta ya jera su, daidai kafaɗa, cunkus kamar fasinjojinsa ranar kasuwa.

Na leƙa ta katanga na ce masa, “Baba, wannan lodi ai ko bas ɗinka ba ta ɗauka. Ruɓewa za su yi.”

Ya ɗaga murya yadda na ciki zai ji, wai shi haka ya ga dama, gidansa ne.

Washegari Inna ta lalubo hanya za ta yi alwala, hurma ta buge ta a goshi. Ta tsaya cak. Ta kai hannu ta shafa ɗaya, ta shafa ta kusa da ita, ta ji sun manne.

“Baban Shuhrat, wane mara hankali ne ya yi wannan?”

“Ni ne, uwar Shuhrat.”

“Ai na sani.”

Ranar ta wanke shi tas. Tana faɗa tana warware igiya, tana auna tazara da yatsunta. Da suka fara yaushi ta ce ba ta yarda ya taɓa mata su da hannun sitiyari ba, ita za ta riƙa murza su don su yi laushi. Kullum da hantsi tana waje tana bin su ɗaya-ɗaya, tana cin gurasa da shayi a tsaye don aiki ya yi mata yawa.

Rannan na kai musu madara, na zaga bayan gida neman kwano. Can sama a ƙarƙashin rufin rumbu sai ga wasu igiyoyi, jere reras, tazara daidai, ba wadda ta taɓa 'yar'uwarta. Na juyo na dubi tsohon.

Ya ɗora yatsa a leɓe, ya ce a hankali, “Shekara arba'in ina kallon hannunta. Kada ki faɗa mata na iya.”

Daga tsakar gida muka ji ta tana kiransa, wai ya zo ya ga wata ɓarnar da ya yi. Ya amsa, ya tafi da saurinsa.