Wata Huɗu Ban Goya Autata Ba

Allah ya ba ni ƙirjin da ya fi ƙarfin bayana. Tun ina budurwa a Zangon Kwatano ake yi mini tsiya a kai, ina ramawa, don bakina bai taɓa mutuwa ba. Amma kowace haihuwa sai ta ƙara mini nauyi. Da na haifi ta biyar, autata, igiyar rigar mama ta riga ta haƙa mini rami a kafaɗu biyu. Ga zafin Kwatano da gumin da ba ya bushewa, ƙarƙashin nono ya saɓule, hoda ta gaji da ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne goyo. Atamfa nake sayarwa, kuma daga gida zuwa kasuwar Saint-Michel ba wata tafiya ba ce, amma in na goya yarinyar sai na zauna sau biyu a hanya, kaya gaba kaya baya, ina haki kamar tsohuwa.

Lokacin juyin juya hali ne, sa'ad da kowa ya zama kamarad, har mai sayar da gawayi. An kawo baƙin likitoci asibiti, a cikinsu akwai wata mace mai aikin tiyata. Ta duba ni ta ce ana iya ragewa, amma sai na yaye yarinyar. Maigidana direban babbar mota ne, mai zuwa arewa har garin Malanbil. Da na gaya masa, sai ya ce, "Ke kike ɗauke da abin, ba ni ba." Ya je ya sa hannu a takarda.

Gwaggo ce ta tayar da ƙura. Ƙanwar mahaifina ce, a gidanmu take zaune tun rasuwar mijinta, kuma ba a yanke magana a gidan sai ta sa baki.

"Abin da Allah ya ba ki za ki kai a yanka kamar naman layya?" in ji ta. "Wasu na nema ba su samu ba."

"Gwaggo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai babu ruwana."

Bayan na yaye yarinyar, aka yi aiki lafiya. Ranar da na fara miƙewa tsaye na ja numfashi har ƙasan ciki, sai na tuna rabona da irin wannan numfashin tun kafin aure. Ɗinki ya bi ƙarƙashin kowane nono, wani ya sauko daga sama ya same shi. Aka ce kada in ɗauki kaya, kada in yi daka, kada in ɗaga hannu sama da kai. Na san sarai goyo yana cikin abin da aka hana, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Amma kwana goma da komawata gida, yarinyar ta tsaya a bayana tana jan zanena, ni kuma ina jin jikina sakayau. Na ce a raina, ai saboda wannan na sha wuƙa. Na sunkuya ta hau, na ja zane na ɗaure tam a ƙirji, na ƙara majanyi a kai, kamar yadda kowace mace take yi. Ƙullin ya zauna daidai kan ɗinkin.

Sau uku na yi haka a ɓoye. A na ukun na ji danshi. Da na kwance, gefen hagu ya buɗe a mahaɗar ɗinkin, faɗinsa ya kai bakin ƙaramin kofin shayi, ja jawur, yana ruwa.

Gwaggo ba ta ce "na gaya miki" ba, ta dai ɗora tukunya a wuta ta aika a karyo ganyen darbejiya, za ta gasa mini wurin kamar mai jego. Na ce mata wannan ba haihuwa ba ce, na saka mayafi na tari taksi.

Mai wankin ciwo a asibitin wata 'yar ƙabilar Fon ce, gajera, mai Hausar kasuwa. Ko tambayata ba ta yi ba. Ta ga shatin zane a fatata ta ce, "Kamarad, kin goya yaro."

"Madam, sau uku ne kawai."

"Sau ɗaya ma ya isa."

Ta kira likita, suka ce ba a sake ɗinke irin wannan, sai dai a bar shi ya ciko da kansa daga ƙasa. In ya ƙara buɗewa ko ya yi mugunya, za a mayar da ni tiyata a yanko fata daga cinyata a lulluɓe. Ba goyo, ba ɗaurin ƙirji, har sai ya rufe. Na tambayi kwana nawa. Madam ta ce ciwo ba ya duba kalanda.

Daga ranar na zama ma'aikaciyar ciwona. Safe da la'asar in tafasa ruwa da ɗan gishiri, in bar shi ya huce, in wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, in wanke wurin a hankali, in rufe da bandeji. Da bandeji ya yi wuyar samu a farmasi, na yanka farin yadi ƙanana ƙanana, na nuna wa Madam ta yarda, ina tafasawa, in shanya a rana, in goge da dutsen guga. Na ci ƙwai, na ci wake, na ci kifi, Gwaggo tana mita wai kifi yana sa ciwo ruwa. Tunda ba halin ɗaura zane a ƙirji, sai na koma saka taguwar maigidana a cikin gida. Mai sayar da atamfa a cikin rigar direba! Matan gidan suka sa mini Alhaji, in na fito su ce, "Alhaji, yaushe za a tashi Malanbil?" Ina ce musu mota ta cika.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ganin yarinyar ta koma bayan wata. Gwaggo, da shekarunta da ciwon gwiwarta, ita ta karɓi goyon ba tare da an roƙe ta ba. A bayanta yarinyar take barci, a bayanta take cin ƙosai, har ta fara ƙamshin turaren Gwaggo. Ni kuwa wata guda cur ciwon yana nan yadda yake. Kowane mako Madam tana auna shi da tsinken ashana ta girgiza kai.

A wata na biyu, wata rana da hantsi, Gwaggo ta tafi suna, yarinyar tana fama da zazzaɓin haƙori. Ta zagayo bayana ta kama taguwar tana cewa, "Inna, oyo. Inna, oyo." Majanyi yana rataye a igiya, hannuna har ya kai kansa. Sai na tuna fatar cinyata, na tuna in aka mayar da ni tiyata wata nawa zan ƙara. Na ja jiki na zauna, na manna bayana da bango. Ta yi ta neman hanyar shiga tsakanina da bangon, ta tura, ta ja, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Na riƙe hannunta ina kuka ni ma. Daga ranar ba ta sake cewa in goya ta ba.

In ta faɗi a tsakar gida, sai ta wuce ni da gudu ta tafi wurin Gwaggo. Kishi na ji, kishin tsohuwar da take yi mini alheri, kuma na ji kunyar kaina. A waje ana cewa wance ta je an gyara mata jiki ta bar wa tsohuwa reno. Na ji, na haɗiye, na ci gaba da tafasa ruwana. Tsoro ɗaya nake kwana da shi in tashi da shi: kada ciwon ya rufe a lokacin da yarinyar ta riga ta manta da bayana.

Sannu a hankali naman ya ciko. Daga bakin kofi ya koma kamar maɓallin riga, daga nan kamar ƙwayar wake, ya tsaya a nan mako uku don ya gwada ni. A cikin wata na huɗu ya rufe. Madam ta sa na ƙara mako biyu, sannan ta danna tabon da yatsa, ta dube ni ta ce, "Kamarad, kin yi aiki. Je ki ɗauki 'yarki, amma ki sassauta ɗauri."

Na dawo gida na cire taguwar direba, na fasa sabuwar atamfa daga cikin kayan sayarwa. Gwaggo tana kan tabarma tana tsintar shinkafa, yarinyar tana wasa kusa da ita. Na juya baya na sunkuya, na ce, "Zo, hau."

Ta kalle ni kamar baƙuwa. Ta tashi ta nufi bayan Gwaggo.

Ina sunkuye ban motsa ba. Sai na ji Gwaggo tana jan jiki a kan tabarma, da farantin shinkafarta da komai, har ta kai bango ta jingina.

"A'a, ƙawata," ta ce wa yarinyar, "bayan nan ya tashi daga aiki. Je ki wurin uwarki. Wuƙa ta sha don ta goya ki."

Yarinyar ta tura, Gwaggo ba ta gusa ba. Ta tsaya tana tura baki, tana kallon wannan tana kallon waccan. Can sai na ji hannuwa biyu masu maiƙon ƙosai a wuyana.

Ta yi nauyi, ƙafafunta sun yi tsawo har suna dukan cinyoyina. Na ɗaure zane, na ƙara majanyi, na fita. Na bi ta ƙofar duk gidan da na san an yi da ni, na yi sallama, na gaishe su da kyau, na tambayi yara. Kafin mu fita Zango ta yi barci, yawunta ya jiƙa mini baya. Babu abin da zan saya a Saint-Michel ranar, amma sai da na je har can na dawo, kuma ban zauna a hanya ko sau ɗaya ba.