Faifan Arzika Mai Goge

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, maganar kuma ta cikin gidan mutane ce, ta taɓa abin da ba kowa ke son a ambata ba. Sai da mai gidan da kansa ya ce in rubuta, in dai zan sake sunayen masu rai, sannan hankalina ya ɗan kwanta.

Ina aiki a wani shagon buga takardu da fotokofi kusa da tasha a Dogon Dutsi. In ordinatar wani, wato kwamfuta, ta samu matsala a gida, ni patron, mai shagon, ke turawa. A hannu na koyi gyara, shi ya sa har yau gabana ke faɗuwa duk lokacin da aka miƙo mini kayan mutane.

Ranar da ba ta fita raina ita ce wata ranar kasuwa, bayan an gama yankan hatsi. Patron ya ce, "Idi, tashi ka tahi gidan Abdurrahman mai kayan waya. Faifai ne ke mishi gardama. Ba wani aiki ba ne."

Na tarar da Abdurrahman tsaye a falo. Matashin magidanci ne mai gemu da ɗangalallen wando, kowa ya san ba a kiɗa a gidansa. A kan tabarma ga wata tsohuwa zaune, yanar ido ta fara rufe mata gani. Gwaggo Hawa ke nan, yayar mahaifinsa, da safen nan ta zo daga Lugu. A cikin faifan akwai ƙanenta Arzika, uban Abdurrahman, yana goge a wani wasan bori. Ya rasu da daɗewa, kuma ba wani hotonsa a duniya sai wannan. Ganinta na raguwa, tana son ta ga fuskarsa kafin ya tafi gaba ɗaya.

Abdurrahman bai ɓoye mini komai ba. "Malam Idi, don darajar gwaggo na yarda ta gani sau guda. In an yi la'asar motar Lugu za ta tashi. Ko ya yi ko bai yi ba, faifan ga wuta za ya sha. Ban son a ci gaba da rubuta ma ubana zunubi yana kabari."

Tsohuwar ta ce, "Nomau, da kuɗin gogen nan anka saya maka wandonka na fari, tun ba ka san a yanke mishi ƙafa ba."

"Gwaggo, sunana Abdurrahman."

"Ni dai Nomau na goya."

Na sa faifan a ordinatarsa. Hoto ya fito, taron mutane ne a fili, sai ya tsaya cak, ya yi tsalle, ya sake tsayawa. Muryar gogen na yankewa kamar mai shaƙuwa. Gwaggo ta ce, "Aljana Doguwa ce. Ba ta shiga gidan da ba a gaishe ta." Gaskiya sai da na karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Tsoro biyu ne suka haɗu mini: kada in gyara in ɗauki alhaki, kada kuma in kasa a ƙone faifan a gaban tsohuwa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, in fim na sarƙewa haka, wuri uku ake dubawa: ordinatar kanta, da lektar, wato aljihun da faifai ke juyawa a ciki, sai faifan. Na fara da injin. A kan katifa aka ɗora shi, ya yi zafi kamar murfin tukunya, ba a kuma jona shi da kuran, wato wutar lantarki, ba. Na ɗora shi kan tebur don ya sha iska, na jona, na rufe duk abubuwan da ke buɗe a ciki. Bai sake zani ba. Sai na nemi wani faifan don in gwada lektar. Abdurrahman ya miƙo na wa'azi, ya tafi sumul ba tsayawa.

"Kin gani ko, gwaggo?" in ji shi.

Ta ce, "To wa ke iya tsai da malami in ya fara magana?"

Ni dai ban yi dariya ba, don yanzu na san laifin yana jikin faifan, abin da ba shi da na biyu. Da na fiddo shi sai na ji maiƙo a yatsuna, ga ƙamshi mai ƙarfi. Na durƙusa na ce, "Inna, ina faifan yake kwana?" Ta ce cikin farin ƙyalle, a ƙasan kwallarta. Duk mako tana shafa masa turare ciki da baya, don waɗanda ake yi wa kiɗan masu son ƙamshi ne.

Na ɗaga shi wajen taga. A bakinsa, can gefe, haske na ratsowa ta wasu ƙananan huji kamar an soka da allura. Irin wannan faifan, mutane ƙasansa suke lallaɓawa, alhali fim ɗin yana kwance ne a wata siririyar fatar azurfa da ke saman, inda ake rubuta suna. Turare ya fara cinye ta. Kuma faifai daga tsakiya ake fara karanta shi zuwa gefe, ke nan ƙarshen fim ɗin ne ke wurin da ya huje. Ban faɗa wa kowa ba.

Dabarar da ta rage ita ce a kwashe abin da ke ciki a zuba cikin ordinatar, don daga can ba ya sarƙewa. Na gwada, ya ƙi tun daga farko saboda maiƙon. Dole a wanke ƙasan. Da na nemi ruwa da ɗan sabulu, gwaggo ta cafke mini wuyan hannu.

"Ruwa? Ɗan nan, ƙanena za ka wanke da sabulu?"

Na fita na kira patron, na ce in ruwa ya shiga ƙarƙashin fatar nan za ta iya saluɓewa duka. Ya ce, "Kai dai da tsoro. Yi yadda ka gani. Amma in ya lalace, ba shagona ya aike ka ba."

Na dawo na yi mata alkawari ba zan tsoma shi ba. Na kife shi a kan ƙyallensa, na ɗiga ruwan sabulu a lallausan tsumma, ina shafawa daga tsakiya zuwa baki a miƙe, don in aka bi zagaye aka karce, layin fim ɗin aka karce. Gumi na sauko mini a hanci, ina kau da kai kada ya ɗiga a kai. Da ya bushe na mayar, na yi amfani da wata ƴar manhaja da nake yawo da ita a kile, wato filashi, mai tsallake inda ya ƙi karantuwa. Layin da ke nuna yawan abin da aka kwashe ya fara tafiya a hankali. Lektar na gurnani, ta yi shiru, ta sake ɗauka. Abdurrahman ya fita ya dawo da ashana ya ajiye kan tebur. Muna nan har direban Lugu ya bugo waya ya ce ya fara lodi. Can kusa da ƙarshe layin ya tsaya, bai ƙara motsi ba.

Na buɗe abin da aka samu. Ya tafi lafiya lau.

"Kashe muryar," in ji Abdurrahman.

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi faɗa, na yi sauri na ciro ekutar, ƴar lasifikar kunne, daga aljihu na sa mata a kunne. Ta matso har hancinta na kusan taɓa gilashin. Mai ɗaukar hoton a bayan makaɗa ya tsaya, don haka bayan Arzika kawai ake gani, da jar hula, da gwiwar hannunsa na kai da komo. Tana ta gyaɗa kai, leɓunanta na bin waƙar. Can sai kamera ta fara zagayowa. Kunne ya fito, kunci ya fito, sai hoton ya farfashe, ya yi baƙi.

"Juyo mana, Arzika," in ji ta a hankali.

Ban san lokacin da Abdurrahman ya baro bakin ƙofa ba, sai ji na yi a kaina ya ce, "Koma baya." Na koma. Ya ce in ƙara. Aka kira la'asar muna maimaita wurin nan, kullum a kunci yake tsayawa.

A zaure ya tambaye ni abin da ya ci ƙarshen. Na ce turaren ne. Ya ce, "Kada ta ji." Ya koma ciki, ya naɗe faifan da hannunsa ya ba ta. "Gwaggo, riƙe kayanki. Amma kwallar za ki riƙa sa ma turare, ba shi ba." Na tambaye shi ko in goge na cikin ordinatar. Ya ce, "Bar shi. Ban dai ce zan saurara ba."

Tun daga ranar, duk wanda ya zo koyon aiki wurinmu ina gaya masa: kafin ka taɓa faifan mutum, tambayi inda yake kwana da abin da ke ciki. Kuma kada ka yi saurin yarda da abin da mai kaya ya ce zai yi da kayansa, sau da yawa shi ma bai sani ba tukuna.

Yanzu ga roƙona, kuma Abdurrahman ne ya sa ni. Wanda ya ɗauki wasan wani dogon mutum ne mai ɗingishi daga wajen Dumega, yana yawon bukukuwa a kan babur da kamera. Gwaggo ta ce ya sayar wa mutane da dama irin faifan a lokacin. In akwai wanda ya san inda yake, ko inda kayansa suka koma, ko wani a Tibiri ko Lugu da ke da faifan wasan da Arzika ya yi goge da jar hula, don Allah kada ya goge shi, kada ya gwada shi a kowane inji. Ya aiko da saƙo wurin masu fotokofi na bakin tasha, zan zo da kaina in ɗauka. A taimaka a yi da wuri. Idon gwaggo na hagu ya riga ya rufe, na dama ne ya rage.