Tagar da Maigida Ya Fasa a Gabas

Shekarar da na yi haihuwar fari muna zaune a Gaya, maigidana yana gyaran rediyo a bakin kasuwa. Wata rana ya dawo daga Kano da wani littafin Turawa mai hotuna, ya ce zai ƙera ƙaramin jirgin sama da zai riƙa juya shi daga ƙasa da na'urar rediyo. Na ce Allah ya taimaka. Mutumin da kekensa ya shekara babu birki, shi ne zai tuƙa jirgi yana tsaye a tsakar gida.

Amma fa injiniya ba ya aiki sai da ɗakin aiki. Duk faɗin gidan nan idonsa bai sauka a ko'ina ba sai a ɗakin girkina.

"Malam, damina fa ta kusa. A ina zan yi tuwo?"

"Haba, uwargida, kafin ruwa ya sauka na yi miki rumfa."

Haka aka fito da murhuna waje. Wata biyu yana awo da igiya. Ya shafa farar ƙasa, ya kafa ƙusoshi, kowane makamin aiki ya zana masa siffarsa da gawayi a bango, har da waɗanda bai mallaka ba. Rumfa kuwa ko dirka ɗaya ban gani ba.

Sannan ya ce littafi ya ce mai aiki yana son hasken safe, ya fasa wata ƙatuwar taga a bangon gabas. Gabas fa! Ko akuyar gidanmu ta san ta nan hadari yake tasowa. Kawunsa ya zo daga Toranke, ya kalli tagar, ya kalle shi, ya ce, "Boko ya yi rana," ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Ruwan farko ya sauka da la'asar, da iska. Ina tsugune a tsakar gida, goyo a baya, tabarma a ka, ina hura jiƙaƙƙen icce. Wallahi ranar na yi kuka, ba na hayaƙi ba, na takaici. A can ciki ruwa na kwarara ta tagar injiniya, bangon ƙasa yana zubowa a kan teburinsa.

Ya fito zai kawo mini ƙarar ruwa, sai ya gan mu, jaririn yana ta tsala ihu. Ya yi tsaye, bakinsa a buɗe. Sai ya ɗauke tukunyar ya kai ta ɗakin, kusurwar da ba ta yoyo, ya dawo ya kwashi duwatsun murhun. Busasshen abu ɗaya ya rage a ɗakin, fikafikan jirgin da ya yi kwana arba'in yana saƙawa da karan dawa, suna rataye a jikin azara. Ya sauko da su, ya karya a gwiwarsa, ya miƙo mini.

"Hura da wannan," in ji shi.

Na ƙyasta ashana, amma sai da na ɓata uku kafin wutar ta kama.