Kwana Ɗaya a Gonar Riɗi da Ni da Baba da Kurfoti

Gumel zuwa Maigatari

Na bar gidana a Gumel ranar Alhamis da ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba. Dalilin tafiyar shi ne Baba, mahaifina, mai shekara tamanin da ɗoriya, ya rantse sai ya kwana gadin riɗi a gonarsa ta Gagarawa, kamar yadda ya saba kafin ƙarfi ya ƙare. Likita kuwa ya ce kada a bari sanyi ya taɓa ƙirjinsa. Ba a hura wuta a ƙasa kusa da busasshen riɗi, don haka na nufi kasuwar Maigatari neman kurfoti, murhun gawayin nan mai hannu biyu.

Kilomita ashirin da 'yan kai ne, amma mun ci minti hamsin, saboda shinge biyu da ragon da aka ɗora mini a cinya. Maƙerin da na samu a kasuwar mutumin Damagaram ne.

"Dubu takwas, Malam. Ƙarfen mota ne, jikokinka ma sai su gada."

"Jikokina da gas suke girki."

"To, kawo shida, kar su zage ni."

Sule Tankarkar

Na sake ratsa Gumel, na isa Sule Tankarkar sha ɗaya saura kwata. A nan Baba yake zaune wurin ƙanwata Hajara tun rasuwar mahaifiyarmu. Sai na yi wa mai karatu bayani: ni ne ɗan fari. Shekarata hamsin da takwas, Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba, ba ma zama tabarma ɗaya. In yana da magana, ta bakin wani take zuwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi Hajara.

"Ki tambayi malamin, motar ta zo ko sai na hau jaki?"

Gagarawa Tasha

Mun ɗauki shatar mota, muka ratsa Gumel karo na biyu, har masu shayin tasha suka fara zargina. Ƙarfe uku muka sauka Gagarawa Tasha, ƙanina Habu, wanda ke noma gonar, ya kwashe mu a babur ɗaya bayan ɗaya. Shirin shi ne mu kwana mu uku, Habu ya zama tafinta. Ana la'asar aka bugo masa waya matarsa na naƙuda. Ya tafi ko takalmi bai gama sawa ba.

Aka bar mu daga ni sai Baba, sai riɗin da aka jingine tsibi-tsibi.

Na share fili nesa da riɗin, na hura gawayi, na dafa shinkafa da wake a ƙaramar tukunya, na ɗora shayi. Na ajiye masa kwano a bakin bukka, na juya baya ina nazarin gabas kamar wanda zai rubuta mata jarrabawa, har na ji ya rufe kwanon.

Bayan magariba sanyi ya sauko. Na zauna gefen kurfoti ina jira ya matso. Bai matso ba. Sai tari, busasshe, sau uku a jere. A nan na gane wautata: muddin ina bakin wutar nan, Baba ya gwammace ya daskare. Na naɗe hannu da tsumma, na ɗauki kurfotin na dire a gabansa, a waje inda iska ke ratsawa, na koma bayan wani tsibin riɗi na duƙunƙune. Na koyar da yara darasin yanayi shekara talatin, amma ranar na fara fahimtarsa. Haƙorana suka shiga karatu ba malami.

Tarin ya lafa. Muka yi isha, kowa a wurinsa. Can na ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Na leƙa, sai ga Baba ya saƙala sandarsa a hannun kurfotin yana jansa a hankali, taku ɗaya, ya huta, taku ɗaya. Ya tsayar da shi daidai tsakiyar tazarar da ke tsakaninmu, ya jawo buzunsa, ya zauna yana kallon kudu.

"Wutar nan," in ji shi, da kurfotin yake magana, "ta yi wa mutum ɗaya yawa. Almubazzaranci ne."

Na matso, na zauna ina kallon arewa. Muka ba juna kafaɗa, garwashi a tsakani.

Ya daɗe yana juya toka da kara, sannan ya ci gaba da gaya wa wutar: "A gonar nan nake gadi aka zo aka ce an haihu. Kunya ta hana ni shiga gida har kwana bakwai. Amma kullum da asuba sai in taka in je bayan danga in tsaya. Yaron akwai murya. Na ce wannan da surutu zai ci abinci."

Na ƙara gawayi, ko da yake ba ya bukata.

Komawa

Da asuba na kasa kunne ga numfashinsa kafin in tashe shi: sumul, ba wata ƙara a ƙirji. Habu ya iso ƙarfe bakwai da albishir ɗin 'ya mace, muka sha kunu mai ɗumi daga kan sauran garwashin. Sha biyu da rabi muna Sule Tankarkar. Hajara ta tare mu a zaure tana duba fuskarsa.

"Baba, yaya ƙirjin?"

"Ƙalau. Ki gaya wa malamin ya adana murhun nan da kyau. Baɗi in da rai, da wuri za mu tafi."

Na shiga gidana a Gumel ƙarfe biyu da kwata, da mura a hancina da toka a rigata. Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, da Hajara, da maƙerin Maigatari, da jaririyar da ta zaɓi ranar zuwanta.