Gadin Lambatu Daga Hawa na Uku

Kwana biyu aka yi ana ruwa da iska, irin wanda ban taɓa gani ba tun zuwanmu Kuala Lumpur. Da ya tsagaita, hawan ƙasa na gininmu a unguwar Sentul ruwa ya kai ƙugu. Ni kuwa ina hawa na uku, da awarwaron roba ruwan hoda a hannu, alamar an killace ni. Maigidana ne ya kamu da korona, yana kulle a ɗaki yana tari, ni ma aka ce kada in taka waje sai wa'adi ya cika.

A ƙasa akwai wata 'yar Zariya da nake ce wa Anti. Ita ta koya min hanyar kasuwa da muka zo, kuma lokacin mijinta ya je gida ganin mahaifiyarsa. Ta kira ni a waya.

"Ƙanwata, katifu sun jiƙe, firij ya kife. Ga yara a tsaye kan matakala."

Falona fayau, ga barguna, amma ba halin in ce su hawo. Wata 'yar Indiya a hawa na biyu, wadda ko gaisawa ba su cika yi ba, ita ta buɗe musu ƙofa.

Da ruwa ya janye sai laka. Ba wanda ya jira hukuma. Wani dattijo ɗan ƙasar da kowa ke kira Pakcik, wato baffa, ya tsaya a tsakar gida da takunkuminsa yana raba aiki. Maza na kwasar laka da shebur, mata na wanke kwanuka a manyan robobi, mai shagon shayi na kan kwana yana kawo shinkafa a ƙunshe. Duk ina kallo daga baranda. In shiga kicin in fito, in share inda na riga na share, in koma baranda. Na dafa dafa-duka tukunya guda da niyyar in zura musu da igiya. Maigidana ya jiyo ƙamshi, ya ce ta bayan ƙofa, "Wa zai ci abincin gidan masu korona?" Mu muka yi ta ɗumame har kwana uku.

Anti ce ta kai ƙarata wurin Pakcik, ta ce masa akwai wadda zaman banza zai haukata a sama. Ya ɗago kai ya dube ni, ya nuna babban lambatun da ke bayan katanga, wanda ta cikinsa ruwan ya shigo. Daga ƙasa ba a ganinsa, daga barandata kuwa tar. Ya sa aka ja layi da jan fenti a jikin siminti. In ruwa ya taɓa layin, in sanar.

"Boleh?" ya ɗaga murya, wato zan iya?

Na ce, "Boleh."

Na ɗauki aikin nan kamar raina. Ko salla na idar, kafin in naɗe darduma na leƙa. Rana ta uku bayan la'asar hadari ya haɗu, ruwa ya sauko da ƙarfi. Lambatu ya fara cika, jan ruwa yana tafe da robobi da rassan itace. Saura kamar taƙi ɗaya ya kai layin. Na tura saƙo a waya, ba wanda ya buɗe, hannun kowa na cikin laka. Ban jira ba, na rarumo murfin tukunya da ludayi na shiga bugawa ina ihu.

Nan take tsakar gida ta rikice. Aka yi ta hawa da kabad da kujerun da aka sha wahalar wankewa, katifar Anti da ta kusa bushewa ta suɓuce ta faɗa taɓo. Kafin a gama ruwa ya ɗauke. Ko layin bai taɓa ba.

Kunya ta hana ni fitowa baranda har magariba. Anti ta kira, ina jin hakinta.

"Ke dai kin iya tada hankalin mutane. Pakcik ya ce a gaya miki, gobe ma in kin ga haka ki buga."

"Katifar fa, Anti?"

"Katifar tana jiranki."

Ranar da aka yanke min awarwaron, daga asibiti ban hau sama ba, ɗakinta na wuce. An riga an gama manyan ayyuka, sai warin danshi da tabon ruwa a bango. Ta miƙo min buroshi da bokitin omo, ta nuna min ƙasan gado inda laka ta daskare. Na ɗaure zani na durƙusa, tana zaune a kan kujerar roba tana ba ni labarin yadda 'ya'yanta suka koyi cin abincin Indiyawa har suna neman ƙari.